Amsa ga mai mussar da ke cizo da yaƙushi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki har ƙarshe, bari in ɗan maimaita ta don mai irin damuwarki ya san kan zancen. Kin ce kin tsinci mussa a bakin kwata wajen kasuwar Katako a Yamai yara na jifanta da duwatsu, ga shatin igiya a wuyanta, kika naɗe ta cikin zane kika kawo ta gida unguwar Bukoki. Yau kwana 9 kenan ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fita, in kin miƙa hannu sai huci da yaƙushi, shekaranjiya kuma ta cije ki a babban yatsa har jini ya fito. Inna ta ce a maida ta inda aka ɗauko ta, wata maƙwabciya ma ta ce wannan ba mussar ƙwarai ba ce akwai abu a jikinta. Ke kuma kina son sanin ko za ta taɓa sabawa da ke.

Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika ɗauke ta, mutane da yawa sun wuce ta wurin ranar. Ni likitan dabbobi ne, yawancin aikina tumaki ne da shanu da kaji kamar sauran abokan aikina a ƙasar nan, amma irin wannan mussar ta sha zuwa hannuna, kuma amsata ita ce eh, akwai kyakkyawan fata za ta saba. Sai dai kafin mu zo kanta sai mun fara da yatsanki.

Dan Allah yau ɗin nan ki tafi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa da ke ko babban asibiti, ki ce musu mussar titi ce ta cije ki, wadda ba a san ko an taɓa yi mata allura ba. Ba don in tsorata ki ba, ciwon haukan kare ne nake yi wa gudu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 yake kashewa kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma gaskiya ne kusan duk ta hanyar kare ake ɗauka, to amma mussar da ke kwana a kasuwa ai da karnuka take kwana, in kare mai ciwon ya cije ta ita ma tana ɗauka tana kuma bayarwa. Ciwon nan in alamunsa suka riga suka bayyana a jikin mutum kusan ba mai tashi, amma in an yi allurar kafin su bayyana tana karewa ƙwarai, shi ya sa kwana 2 da suka wuce ba su sa kin makara ba, ki tafi kawai. Za su duba miki maganar tetanos ma. Nan gaba kuma duk sanda ta cije ki ko ta yaƙushe ki har fata ta buɗe, kan pampo za ki nufa da sabulu, ko na wanki ne, ki wanke wurin minti 15 cur kina duba agogo, sannan ki sa Bétadine, maganin wanke ciwo. Ba toka, ba barkono, ba man shanu, kada kuma ki ɗaure wurin tamau. Haƙorin mussa siriri ne kamar allura, yana shiga can ciki bakin ciwon ya rufe da wuri, sai ƙwayar cutar da ke bakinta, wadda muke kira Pasteurella, ta samu wurin zama. Shi ya sa cizon mussa a hannu yake kumbura cikin kwana guda. In yatsan ya yi ja, yana zogi, ko kin kasa lanƙwasa shi, wannan maganar ordonans ce ba ta jira ba.

Nan ma ga abin da za ki faɗa wa Inna cikin ladabi. Ki ce mata likita ya ce dabbar da ta ciji mutum ba a yar da ita, tsare ta ake yi a sa mata ido kwana 10 daga ranar cizon. Dalili, in da ciwon a yawunta ranar da ta cije ki to cikin kwanakin nan za ta nuna, ko ta mutu. In aka kai ta Katako aka saki, wa zai gaya mana yadda ta ƙare? Amma ki gane, sa ido baya hana allura, tare ake yin su. Abin da za ki lura da shi: dalala, kasa haɗiye ruwa, tangaɗi, ƙafafun baya su mutu, murya ta sake, ko ta bar ɓuya ta riƙa fitowa tana afka wa duk abin da ta gani har da ƙafar gado. In kin ga ɗaya daga ciki ki ja ƙofa ki rufe, kowa kada ya taɓa ta, a kira ma'aikatan kiwo. Abin da kika kwatanta min dai, wadda ke maƙalewa a lungu sai an kai mata hannu take kai cizo, ya fi kama da tsoro nesa ba kusa ba.

To yanzu mu zo kanta. Ki zauna ki kalli abin ta inda take kallonsa. Duk magen gida a duniya daga mussar daji ta fito, irin wadda har yau akwai ta a dazukanmu na Sahel, dabba ce mai farauta ita kaɗai, ba ta da garke ba ta da mai tare mata faɗa, kuma ita kanta abin farauta ce wurin waɗanda suka fi ta. Irin wannan dabbar in ta ji rauni ba mai ciyar da ita, don haka faɗa shi ne abu na ƙarshe da take so. Gudu take fara nema, in ba hanya ta ɓuya, sai an bi ta har maɓoyar sannan tura ta kai bango. Yanzu ki tuna ƙarƙashin gadonki, bango a baya, bango a gefe, ga hannu yana shigowa ta hanya ɗaya tilo da take da ita. Hannu ne ya ɗaura mata igiya, hannu ne ya jefe ta, hannu ne kuma ya naɗe ta cikin zane ya kawo ta inda bata sani ba, ita bata san wannan na ƙarshen ceto ba ne. Duk aikin da ke gabanki shi ne ki sake mata ma'anar hannu, kuma hanyar farko ita ce ki janye shi gaba ɗaya. Daga yau ba taɓawa, ba jawo ta, ba ɗaga katifa don a leƙa ta, ba kiran baƙi su zo su gani.

Akwai abin da nake so ki riƙe fiye da komi cikin maganar nan. Hucin da take yi miki alheri ne. Mussa bata cizo haka kawai, tana da gargaɗi hawa-hawa: ta daskare wuri ɗaya, baƙin idonta ya buɗe ya cika ido, kunnuwa su juya gefe sannan su kwanta baya, wutsiya ta fara bugun ƙasa, fatar baya ta riƙa motsi, sai gurnani, sai huci, sai mari da hannu, cizo ne ƙarshe. Duk ranar da ta yi huci kika ja da baya, kin koya mata cewa ke mai jin magana ce, ba sai ta kai ga haƙori ba. Duk ranar da ta yi huci kika ci gaba da miƙa hannu, ko aka daka mata tsawa, ko aka buge ta da tsintsiya, to an koya mata gargaɗi baya da amfani a gidan nan, gobe sai ta tsallake shi ta tafi kan cizo kai tsaye. Magunan da suka fi ba ni wahala a wurin aiki su ne waɗanda aka daki huci daga bakinsu, sun yi shiru, ba ka sanin lokacin da za su kama ka. Ruwan da wasu ke watsa musu ma haka yake, yana hana abin a lokacin amma yana ƙara tsoron da ya haifi abin.

Sai maganar ciwo, don sau da yawa abin da mutane ke kira mugun hali ciwo ne ke cin dabba. Akwai wani muzuru da aka taɓa kawo min cikin buhun shinkafa, mai shi ya ce ya haukace, shekara biyu suna tare lafiya yanzu ko kansa aka taɓa sai cizo. Da muka sa mishi allurar barci muka buɗe baki, haƙorin sama ne ya karye har jijiya, dasashi ya tara mugunya. Muka cire, aka ba shi magani, bayan sati 2 yana hawa cinyar mai shi kamar da. Mussarki an jefe ta da duwatsu an ɗaure ta da igiya, dole mu sa ran akwai inda ke mata zafi. Ki duba ta daga nesa, ko ki aje waya tana ɗaukar bidiyo lokacin da take fitowa cin abinci da dare: tana ɗingishi? tana tauna da gefe ɗaya? wuyan yana ruwa ko wari? akwai kumburi a jiki, tana kaɗa kai tana sosa kunne? Ki duba cikinta da nonuwanta ma, cikin mussa kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma mai ciki ko mai shayarwa ta fi kowa zafin kare kanta. In tana ci tana sha tana kashi, ba ciwon da ke ruwa, a bar ta ta ɗan natsu kafin a kai ta likita. In kuma ta yi kwana 2 zuwa 3 bata sa komi a baki ba to ba jira, yunwa tana taɓa hantar mussa da sauri fiye da yadda take yi wa kare. Ranar kai ta kada a sa ta a buhu, kwando mai murfi ko karton mai ƙarfi da aka huda, a rufa zane a kai, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ki fara zuwa ke kaɗai ki yi wa likitan bayani, akwai maganin kwantar da hankali da muke bayarwa a sa cikin abinci kafin a taho, yana sauƙaƙa wa kowa.

Wannan kuma da babbar murya nake faɗa: kada ki ba ta parasetamol, ko ɓari. Hantar mussa bata iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya ta 500 tana iya kashe ta, fuska ta kumbura dasashi ya yi duhu ta kasa numfashi, na gani da idona kuma kullum mai tausayi ne ya bayar. Ibuprofen ma haka. Maganin kaska na shanu da tumaki, da na ƙumar kare mai permethrin, da piya-piya, duk guba ne gare ta. In akwai ƙuma a jikinta ki bari a ba ki wanda aka yi don mage.

Wurin zamanta. Ɗaki ɗaya mai shiru ya ishe ta yanzu, gida duka ya yi mata yawa. Ba magazin ɗin kwano da ke zama tanda da rana ba dan Allah, kin san zafin Yamai, ɗakin da iska ke shiga, taga da waya don kada ta fice. Ki samo karton ki huda mishi ƙofa biyu, ɗaya gaba ɗaya gefe, ki shimfiɗa tsohon zane ciki ki aje a lungu. Ƙofa biyun nan suna da muhimmanci, maɓoyar da ke da mafita ita ke sa ta saki jiki. In da hali wani karton a sama, kan armuwar ko tebur, mage in tana kallon mutum daga sama tsoronta na raguwa. Kada ki fitar da ita daga ƙarƙashin gadon da ƙarfi, ki bari ta zaɓi kartonan da kanta. Ruwa a kasko ya fi, yana yin sanyi, a aje shi nesa kaɗan da abinci. Roba mai faɗi da rairai mai tsabta a ɗaya kusurwar, nesa da abincin, a kwashe kashin kullum a wanke hannu, in akwai mai ciki a gidan ba ita za ta kwashe ba. Sannan hanci, nan ne matanmu ke mantawa: turaren wuta, humra, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, duk a ɗage su daga ɗakin nan na ɗan lokaci, hancinta ya fi namu nesa kuma da shi take gane wuri. A madadin haka ki aje mata ɗankwalin da kika kwana da shi kusa da kartonta, ta riƙa shaƙar warinki a lokacin da ba abin da ke samunta. Yara kuma a hana su shiga kwata-kwata, yara ne suka jefe ta, muryarsu kaɗai ta isa ta maida ta baya.

Na san wani zai ce ai kulle mage zunubi ne, ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Hadisin gaskiya ne, amma a karanta shi duka, matar ta tsare ta bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Ke ciyarwa kike da jinya. Ita kuma maƙwabciya mai cewa akwai abu a jikinta, in ƙyallin ido ne cikin duhu ya tsorata ta, wani shimfiɗi ne a bayan idon mage da ke maido haske don ta ga hanya da dare, tunkiya da saniya ma suna da shi, ta haska garke da tocila ta gani. Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma kowa ya san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa.

Yanzu ga aikin na kullum, kuma abinci ne jarinki. Kada ki cika kwano ki bar mata yini guda, ki mayar da shi lokaci biyu ko uku tsayayyu, ni nakan ce wa mutane su ɗaura shi da salla don ba a mantawa, bayan asuba da bayan magariba, dama lokutan ne mage ke tashi farauta. Kwana 3 na farko ki shiga da sallama a hankali, kalma ɗaya kullum murya ƙasa-ƙasa, ki aje kwanon ki fita ki ja ƙofa, shi kenan. Tana koyon cewa shigowarki na nufin abinci kuma ba abin da ke biyo baya. Bayan nan sai ki fara zama. Ki shimfiɗa tabarma can bakin ƙofa, a ƙasa ba kan kujera ba, ki ba ta gefenki ba gabanki ba, ki yi laziminki ko karatunki ko ki duba wayarki minti 15 zuwa 20 kamar kin manta da ita. Abin da muke nema shi ne nisan da za ta yarda ta ci kina ɗakin. Wannan nisan shi ne ma'auninmu, ba ranakun kalanda ba. In ta ci kina bakin ƙofa kwana 2 ko 3 a jere, ki matso da tabarmar kamu ɗaya. In ta ƙi fitowa ko ta ɗauki naman ta gudu da shi, kin yi sauri, ki koma inda kike jiya, ba komi. Mutane a nan suke faɗuwa wallahi, ranar da suka ga ta fito ta ci kusa da su daɗi ya kama su sai su kai hannu, aikin sati 2 ya zube. Sannu-sannu bata hana zuwa.

Ido kuma, kada ki zuba mata shi, a wurin mage zura ido neman faɗa ne. In idonku ya haɗu ki lumshe naki a hankali kamar mai jin barci, ki buɗe rabi, ki kau da kai. Masu bincike a jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan suka fitar da sakamakon a 2020, maguna sun fi maida lumshewar kuma sun fi matsowa wurin baƙon da ya lumshe musu ido. Ranar da ta maido miki da shi ki san an fara.

Mi za ki ba ta? Mage mai cin nama ce zalla, tuwo da shinkafa da miya ba sa riƙe ta, akwai wani sinadari mai suna taurine da sai a nama take samu, rashinsa na lalata ido da zuciya. Kaza dafaffiya, kifin gulbi da aka dafa aka cire ƙaya, nama, ƙwai dafaffe, hanta kaɗan-kaɗan ba kullum ba, ko kuroket, busasshen abincin mage na kanti, in aljihu ya ba da dama. A cire nata kafin a sa gishiri da maggi da yaji, albasa da tafarnuwa suna fasa mata jini, don haka kilishi da naman tukuba ba nata ba ne duk da za ta so su. Madara da nono ma ki bari, yawancin manyan maguna zawo suke sa su. Sai ki ware abu ɗaya mafi daɗi, misali ɗan sardin na gwangwani da aka tsane man, wanda bata samunsa sai kina wurin. Da farko ki ɗan gangara mata shi ƙasa-ƙasa, kada ki ɗaga hannu sama ki jefa, kin san abin da ɗaga hannu ke tuna mata. In nisa ya ragu sai ki ɗora shi kan doguwar koshiya ki miƙa ki tsaya cik, ita za ta zo. Koshiyar na tafiya tana gajarcewa, ki riƙa matsar da riƙonki gaba har wata rana ya zama tana lasa dab da yatsunki.

Wasa ma magani ne. Ki samu karan dawa ki ɗaura zare da gashin zabo a bakinsa, ki riƙa jansa a ƙasa yana nisantarta yana ɓuya bayan karton kamar ɓera, ba ki kaɗa mata shi a fuska ba. Ranar farko ido kawai za ta bi shi da shi, wata rana hannu zai fito daga ƙarƙashin gado. Mage in tana farauta mantawa take da tsoro, kuma ki bar ta ta kama a ƙarshe ki biyo da ɗan nama. In an gama ki ɗauke zaren kada ta haɗiye. Hannu da ƙafa dai ba abin wasa ba ne, ko ta warke ko ta saba, kada kowa a gidan ya koya mata kokawa da yatsu.

Taɓawa ita ce ƙarshe kuma ita za ta fara, ba ke ba. Za ki ga ta fara wanke jikinta kina zaune, ko ta naɗe hannuwa ƙarƙashin ƙirji ta rufe ido, ko ta taho wutsiya a tsaye, ko ta goga kumatunta a jikin karton da ƙafar gado, wannan gogawar warinta take sa wa kaya tana cewa nan gidana ne. To a lokacin ki lanƙwasa yatsa ɗaya ki aje shi daidai tsayin hancinta, ki bar shi nan. In ta shinshina ta tafi, ya yi, gobe ma rana ce. In ta goga kumatu a kai sai ki ɗan sosa kumatun, ƙarƙashin haɓa, gindin kunne, ki ƙirga uku a zuci ki tsaya ki gani, in ta turo kai ki ƙara in ta kau da kai ki bari. Saboda igiyar nan wuyanta zai daɗe bata yarda da shi ba. Ciki, wutsiya da ƙafafu ki bar su, ko ta kwanta ta buɗe miki ciki yarda ce take nunawa ba gayyata ba. Ɗauka kuma ki cire ta daga lissafi na watanni, kuma ba a ɗaga babbar mage ta fatar ƙeya, zafi take ji. Wannan kurrr ɗin da tsofaffi ke cewa tasbihi take yi, yawanci daɗi ne, amma mage mai ciwo ma tana yinsa, ki haɗa shi da abin da kunne da wutsiya ke faɗa. In tsautsayi ya sa ta kama hannunki kada ki fizge, fizga ke yaga fata kuma tana ƙara mata riƙo, ki sassauta hannun ki yi shiru za ta saki, ki tashi ki fita ki ba ta awanni don jikinta baya sauka da wuri. In ta tare miki hanya ki sa faifai ko karton tsakaninku ki wuce.

Tsawon lokaci ya danganta da ƙuruciyarta. Ɗiyan mage suna da wani ɗan lokaci, daga sati 2 zuwa 7 da haihuwa, wanda in hannun mutum ya taɓa su da alheri a cikinsa suna ɗaukar mutum a matsayin nasu har abada, ko daga baya sun sha wuya ana iya dawo da su. Wadda ta wuce lokacin nan bata san mutum ba, ta girma a haka, da wuya ta zama ta cinya. Shatin igiyar nan, duk da baƙin cikinsa, yana iya nufin ta taɓa zama a hannun mutane, in kuma kin ji tana yi miki miyau-miyau in kin shigo da kwano to alama ce mai kyau sosai, don babbar mage da ta tashi a daji bata cika yi wa mutum kuka ba. Irin ta farko sati 3 zuwa wata 2 ko 3 sukan sauko a abin da na saba gani, ta biyun tana iya kai shekara tana ci kusa da ke bata yarda a taɓa ta ba. Za a kuma samu koma-baya, tsawar damina, hidimar biki, ranar Layya da gida ke cika da mutane da hayaƙin gashi, za ki ga ta koma ƙarƙashin gado kamar ba a yi komi ba, ki ƙyale ta, kwana 2 take dawowa inda ta tsaya.

In ta natsu aka duba ta, a yi mata allurar haukan kare, ana yinta tun daga wata 3 da haihuwa, a ba ta maganin tsutsar ciki, kuma ina ba ki shawarar aikin hana haihuwa, don mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, kukan neman muzuru da faɗan da ke biyo shi suna cikin abin da ke hana su kwanciyar hankali. Ki sani kuma kwana 10 ɗin nan cizon shekaranjiya kaɗai suke wankewa, ciwon na iya kwanciya a jikin dabba makonni ko watanni kafin ya fito, don haka duk sabon cizo a watannin farko sai an sake wankewa an sake nuna wa likita. Ƙofar ɗakin kuma kada ki buɗe mata tsakar gida sai ta kai tana fitowa da kanta in ta ji muryarki, ki buɗe kafin lokacin abinci tana jin yunwa, ki bar ɗakin a buɗe kartonta na nan yadda yake. Wataƙila ba za ta zama kyanwar Lami ba, wadda bata cizo bata yaƙushi, wataƙila iyakarta ta kwanta kamu biyu daga tabarmarki tana lumshe ido tana kuma tsare muku buhunan hatsi daga ɓera, wannan ma Inna za ta ga amfaninsa.

Bayan sati guda ki sanar da ni abu uku: a wane nisa take ci kina ɗakin, tana amfani da rairan ko a'a, da yadda wuyan yake. Ki kuma gaya min abin da suka ce miki a CSI kan yatsan, in sun fara miki allurar ki cika ranakun da suka rubuta miki duka.